Motar Haibirid a Hanyar Tsafe da Bunguɗu: Nasiha ga Samari

 Tun shekarar 1929, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtuwa, ta biyo ta Gusau ta zarce Ƙauran Namoda, garin nan namu na Gusau bai sake zama baƙo ga sabon abin hawa ba, domin auduga da gyaɗa sun jawo fatake da ma'aikata daga kudu da arewa, da yawansu suka sauka a Sabon Gari, a bayansu kuma manyan motoci suka zo da direbobinsu da makanikansu da masu sayar da kayan gyaransu. Kowane zamani da ƙarfen da yake kawowa, kowane ƙarfe kuma da ilimin da yake nema ga mai shi. Ƙarfen zamaninku, samari, wanda na ga idanunku sun koma kansa tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, shi ne motar haibirid, mai tafiya da fetur da lantarki a haɗe. A kanta nake son in yi magana da wanda Allah ya hore wa a cikinku ya saya, ya kuma ɗaura niyyar fita da ita tafiyarsa ta farko mai nisa, ko gabas ta Tsafe zuwa Zariya, ko yamma ta Bunguɗu zuwa Sakkwato.

Motar ba sabuwa ba ce a duniya, ko da yake a wurinmu baƙuwa ce. Kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan a ƙarshen 1997, ya fitar da Camry mai irin wannan haɗi a 2006, kuma akasarin waɗanda suke isowa hannunmu tsofaffi ne da suka yi wa masu su na fari hidima a Amurka ko Turai kafin a sauke su a Kwatano ko Legas. Injin fetur ne a cikinta kamar na kowace mota, sai dai an haɗa shi da injin lantarki da wani babban batir da ke ɓoye a bayan kujerar baya, kwamfuta kuma tana raba musu aiki a kowane lokaci ba tare da ta shawarci direba ba. Irin waɗanda suka fi yawa a nan ba a jona su da wutar gida. Da kanta take cika batirinta, saboda haka ɗauke wuta ba ya cikin damuwarka.

Abu na farko da zai ba ka mamaki, ɗana, shi ne shirunta. Ka taka birki, ka danna maɓalli, kalmar READY ta bayyana a allo, ba ƙara ba girgiza, amma motar ta tashi, kuma in ka sa giya za ta motsa. Wannan shiru ni'ima ne ga kunnenka, amma amana ne a wuyanka, domin jama'ar Sabon Gari, da yaran da ke wasa a bakin kwata, da almajirin da ke tsallaka titi da ƙoƙonsa, da makahon da ke tafe da sandarsa, da dattijuwar da ke komowa daga kasuwa, duk da kunne suka saba gane mota na tafe, kai kuwa ka zo musu da wadda ba ta sallama. Hanya tana da haƙƙi a shari'a, kuma daga cikin haƙƙinta akwai kame cuta daga masu binta. Don haka a cikin lunguna ka ɗauka babu wanda ya ji zuwanka, ka rage gudu fiye da yadda ka saba, ka taɓa ham a hankali inda ya kamata, ka kuma leƙa ƙarƙashinta da bayanta kafin ka ja baya da safe.

Yanzu sai maganar da ta sa ka saye ta, wato tsimin mai, kuma a nan nake son ka ba ni hankalinka, domin a nan ne sabon mai ita yakan yi zaton an cuce shi alhali ba a cuce shi ba. Motar fetur zalla tana yin asara ta fuska biyu a cikin gari: injinta yana shan mai tana tsaye a cunkoso, kuma duk ƙarfin da ta tara na gudu, da zarar an taka birki sai ya koma zafi ya bi iska. Haibirid ta toshe waɗannan kafofi biyu. In ka tsaya sai ta kashe injin fetur da kanta, in ka taka birki kuma sai injin lantarkin ya juya ya zama janareto, ya karɓi ƙarfin da zai zube ya mayar da shi batir, kamar yadda masu kala suke bin gonar gyaɗa bayan an gama cira, su tsince abin da da ƙasa za ta cinye. To, ka lura, kala ba ta samuwa sai inda aka zubar. A cikin Gusau, tsakanin keke napep da 'yan kabu-kabu da shatale-tale, birki ba ya hutawa, saboda haka ribarta mai yawa ce. Amma da zarar ka fita gari, ka bar dutsen Kwatarkwashi a gefe, hanya ta miƙe, ka ɗora ƙafa a kan totur ba ka ɗagawa, injin fetur ne yake ɗaukar kusan dukan nauyin, batir kuwa sai ɗan taimako wajen hawa da wuce babbar mota.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka a kan Camry ta 2009 sun bayyana wannan sarai. A cikin gari, mai haɗin tana cin kimanin kilomita 14 da lita guda, ta fetur zalla mai silinda huɗu kuwa kimanin 9. Amma a babbar hanya mai haɗin tana cin 14 da rabi, 'yar uwarta kuma 13. Ka ga tazarar da ta haura rabi a gari ta komo kusan kashi ɗaya cikin goma a hanya. Waɗannan awo ne na sabuwar mota a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, taka kuwa ta tsufa, kuma za ka loda mata iyali da tsaraba, don haka kada ka riƙe su hujja a kan dillali. Sai dai akwai abin da zai faranta maka rai, shi ne hanyoyinmu ba su cika barin direba ya daɗe a kan gudu guda ba, saboda ramuka, da shingayen jami'an tsaro, da kasuwannin da suka cinye gefen titi a ranakun cinsu, da garken shanu masu tsallakawa. Duk inda wani yake asarar mai wajen tsayawa da tashi, kai kana mayar da wani abu. Sharaɗin kawai shi ne ka hango tsayuwar tun daga nesa, ka taka birki da sauƙi na tsawon lokaci, domin takawa da ƙarfi farat ɗaya takan wuce abin da batir zai iya karɓa, sai ragowar ya tafi ga birkin taya ya lalace a banza.

Gudu shi ne babban mai cin mai a doguwar tafiya, ko wace iri ce motar, domin turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: in ka ninka gudunka sau biyu, ita ta ninka sau huɗu. Wanda ya riƙe kilomita 90 zuwa 100 a awa zai isa Zariya, wadda take kimanin kilomita 180 daga Gusau, da mai a tankinsa fiye da wanda ya riƙe 130, kuma bambancin isarsu bai kai abin da za a sayar da rai dominsa ba. Akwai kuma wata al'ada da wasu direbobinmu suka gada, ta sakin mota a firi in an zo gangare. Ka bar ta har abada, domin a wannan motar in giya tana kan N batir ba ya karɓar caji ko kaɗan, ka yi hasarar ribar gangaren, ka kuma rage ikonka a kan motar. Harafin B da za ka gani kusa da D na dogon gangaren tsauni ne, irin Hawan Kibo na hanyar Jos, ba ka da bukatarsa tsakanin Sakkwato da Zariya.

Amma akwai wata fitina da ta keɓanta da wannan mota, wadda nake jin tsoronta gare ku fiye da gudu. A gabanka akwai allo mai nuna kibiyoyi suna kai da komo tsakanin inji da batir da taya, da lamba mai gaya maka abin da kake sha a kowane lokaci, kuma zuciyar sabon mai ita takan rataya ga wannan lamba har ya mayar da tafiyar gasa tsakaninsa da ita, idonsa rabi a hanya rabi a allo, yana jan jiki inda ya kamata ya wuce, yana ƙin taka totur da ƙarfi wajen wuce tirela don kada lambar ta faɗi. Ya ɗana, dukanmu mun san halin rashin tsaro da yankin nan ya shiga a shekarun nan, mun san abin da sunayen garuruwan Magazu da Wanzamai da Yankara suke tayarwa a zukatan iyaye in ɗansu yana kan hanya, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, ya jiƙan waɗanda ta ci. Malaman usulu da suka jera larurori biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, wato addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, sun gabatar da rai a kan dukiya, kuma lita biyu ko uku da za ka yi tsiminsu dukiya ce, mafi ƙanƙantar dukiya ma. Saboda haka lissafin lokaci shi ne gaba da lissafin mai. Ka fita bayan rana ta ɗaga, hanya ta cika da motoci. Ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka tashi, domin su suke binta kullum kuma ba sa rowar labari ga mai ladabi. Ka shiga cikin ayari, ka tafi da gudunsu ko da lambar allo ta ɓata maka rai. Ka tsara tafiyarka yadda la'asar za ta same ka a masauki, in kuwa ta same ka a Funtuwa, to ka kwana Funtuwa. Tawakkali na gaskiya ba ya kore riƙo da sababi. Allon kuwa, ka mayar da shi kan wani shafi tun daga gida, ka duba sakamakonsa in ka sauka.

A nan ne ma haƙiƙanin fa'idar motar take bayyana ga matafiyin ƙasarmu. Tanki guda yana kai ka Sakkwato, wadda ta ɗan haura kilomita 200, ya komo da kai, ma'ana ba wata larura da za ta tsayar da kai neman mai a inda zuciyarka ba ta natsu ba, ko ta tilasta maka sayen na galan a bakin hanya wanda ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Amma kada wannan ya ruɗe ka ka fita da rabin tanki. Ƙarewar mai a haibirid ta fi ta sauran motoci sharri, domin za ta iya ci gaba da rarrafe kaɗan da lantarki, direba ya yi murna, alhali babban batirin da yake zuƙewa shi ne wanda yake tayar da injin fetur. In ya ƙare ƙaf, ko ka zuba mai ba za ta tashi ba sai an nemo na'urar caji ta musamman, wadda ba a kowane gari take ba.

Sai maganar zafi da ƙura, waɗanda su ne abokan gabar batir a ƙasar nan. Wanda ya bi hanyar Bunguɗu da Maru da Talata Mafara a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san abin da nake nufi. Babban batirin ba da ruwa ake sanyaya shi ba a irin waɗannan motoci, da iskar cikin ɗakin motar ne, wadda wata 'yar fanka take zuƙa ta wata kafa mai raga da ke gefen kujerar baya ko a bayanta, gwargwadon ƙirar. Ka nemi wannan kafa ka san inda take kafin ka fita, ka nuna wa iyalinka, domin sau da yawa gefen babbar riga, ko mayafi, ko ƙullin kaya, ko filo, shi yake toshe ta tun daga Gusau har Tureta ba wanda ya lura, batir yana dahuwa a ɓoye. Ƙurar hunturu kuma takan taru a fankar, don haka a buɗe a share ta lokaci lokaci. Daga nan za ka gane cewa kunna na'urar sanyaya ɗaki a bazara ba israfi ba ne a wannan mota, domin iskar da ta sanyaya ka ita take sanyaya batirin, kuma abin da za ka yi tsiminsa in ka kashe ta bai kai ko kusa da kuɗin batir ba. Ka sani kuma tana da mazubin ruwan sanyi guda biyu, ɗaya na inji ɗaya na na'urar sarrafa lantarki, a duba su duka da safe inji yana sanyi. In ka sauka, ka nema mata inuwa. In damina ce kuma ka tarar ruwa ya haura kwalbati, ka jira ya janye.

Idan ƙaddara ta sa ta tsaya maka a hanya, ko alamar gargaɗi ta kama a allo, ka natsu. Galibi in ta ƙi tashi da safe ba babban batirin ba ne, ƙaramin ne mai bolt 12 irin na kowace mota, wanda a Camry da Prius na wancan zamani yake cikin but, shi ne yake farkar da kwamfuta, kuma jona shi da na wata mota yakan wadatar in an kiyaye kada a juya wayoyin. Turawa ba ta tayar da ita, komai yawan majiya ƙarfin da suka taru don taimakonka. Ja da igiya tayoyin gaba suna ƙasa kuma yana iya ƙona kayan lantarkinta, domin tayoyin suna juya janareto. A ɗora ta a kan mota, ko janwe ya ɗaga gabanta. Mafi girman duka, wayoyin da aka lulluɓe da roba mai launin ruwan lemo ba abin taɓawa ba ne: batirin Camry yana da bolt kusan 245, na'urar cikinta kuma tana ɗaga shi har 650, alhali wutar gidajenmu da muke tsoro 230 ce. Makanikanmu da masu rewaya mutane ne masu basira da suka riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru da ƙarancin kayan aiki, kuma wajibi ne ka girmama su, amma girmamawa ba ta hana ka tambaya da lafazi mai daɗi, ka ce, "Maigida, ka taɓa aikin irin wannan?" Mai gaskiya zai gaya maka, kuma in ya ce a'a ka gode masa, domin ya tsare ransa da dukiyarka. Haka wajen mai gyaran na'urar sanyi, kwamfaresarta ta lantarki ce, tana da nata mai na daban, in an zuba mata na sauran motoci yana iya lalata ta.

Tsayuwar salla ma tana da nata ladabi a wannan mota. Ɗaliban Risala sun san cewa a mazhabar Imamu Malik tafiyar ƙasaru mil 48 ce, kimanin kilomita 80, don haka mai zuwa Bunguɗu ko Tsafe zai cika sallarsa, mai zuwa Funtuwa ko Sakkwato kuwa ya sami rangwame. In ka tsaya a masallacin bakin hanya, ka sa giya a P, ka danna maɓalli, ka tabbata kalmar READY ta ɓace kafin ka fita, domin shirunta yakan sa mutum ya zaci ya kashe ta alhali tana raye, kuma yaro in ya taka birki ya ja giya za ta tafi. Haɗarin ya fi tsanani a masauki, in an shigar da ita rufaffen gareji ko zaure aka bar ta a kunne, domin cikin dare injin zai riƙa tashi da kansa yana cika batir, yana fitar da hayaƙin nan marar launi marar wari wanda muka sha jin ya hallaka iyalai ta hanyar janareto.

Ga wanda bai saya ba tukuna, yana tara kuɗi, ina da kalma. A Amurka Toyota ta lamunci batirin waɗancan motoci shekara 8 ko kilomita 160,000, motar 2009 kuwa ta haura shekara 15, saboda haka batir kake saye kafin mota. Na Camry gunduwa 34 ne a jere, na Prius 28, kuma in ɗaya ta raunana sai ta ja sauran. Wasu sukan canza gunduwar da ta mutu da wata tsohuwa, motar ta yi lafiya 'yan watanni, sa'an nan ciwon ya dawo. Ka biya a jona mata kwamfuta a karanta maka ƙarfin kowane sashe, ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka ga ko ma'aunin batir yana cika da sauri yana zubewa da sauri, wanda alamar tsufa ce. Ka yi hisabi na gaskiya: in yawancin zirga-zirgarka cikin Gusau ce, za ta mayar maka da kuɗinka, in kuwa kullum kana kan hanyar Kaduna, ribar kaɗan ce, kuma ka ware kuɗin batir a gefe tun ranar saye. Ranar da za ka sayar kuma, bayyana aibin haja wajibi ne, kuma aibin da yake ɓoye a bayan kujera, wanda mai saye ba zai gani da ido ba, shi ya fi cancantar a faɗa.

Ku kuma da ba ku da kuɗin mota, amma kuna da hannu da ƙwaƙwalwa, yaran gareji da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, ku dubi wannan ƙofa da ta buɗe. Motocin nan ƙaruwa za su yi, kuma sana'ar da al'umma take bukata, koyonta farilla ce ta kifaya a wurin malamanmu. Abin da ake nema shi ne sanin ka'idar lantarki, da iya karanta na'urar bincike, da safar hannu ta roba mai jure babbar wuta, da sanin yadda ake cire filogin tsaro na batir a dakata 'yan mintoci kafin a taɓa komai. Wanda ya riga ya iya rewaya ya yi rabin tafiya. Sauran rabin ya nemi wanda ya ƙware, ko a Kano ne ko a Kaduna, ya durƙusa a gabansa shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ya komo ya buɗe rumfarsa a Sabon Gari.